Wace Irin Taya Za Mu Saya wa Motar Gunduma?



A yawon da muke yi cikin ƙauyuka, akwai tambayar da ma'ajin gunduma da 'yan kwamitin asibiti suka sha yi mana. Tayoyin mota sun suɗe, an tara kuɗi da ƙyar, to wace iri za a saya? Yawancin motocin da ake magana a kai Toyota Hilux ne ko Land Cruiser, irin waɗanda ƙafafunsu huɗu duka suke iya ja. An saye su ne domin hanyar daji. Amma in ka bi motar mako guda, za ka ga mafi yawan tafiyarta a kan kwalta ne: zuwa banki, zuwa ofishin ƙaramar hukuma, ɗauko magani a birni, kai Fasto wurin taro. Hanyar daji sai can ƙarshen tafiya, daga inda kwalta ta ƙare zuwa ƙofar gida.

A nan gardama take tashi a kwamiti. Direba yana son taya mai manyan haƙora, domin bai manta ranar da ya kwana cikin taɓo a watan Agusta ba. Ma'aji yana son mai araha, domin shi ya san abin da ya rage a asusu. Kowannensu yana da gaskiyarsa. Sai dai maganar ta wuce ta kuɗi. Motar nan ita ce take kai mace mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ce take ɗaukar matan zumunta zuwa babban taro. Mota ce mai tsayi, kuma mota mai tsayi ta fi ƙaramar mota saurin kifewa in taya ta fashe ana cikin gudu. Duk nauyinta da na mutanen da ke ciki yana kan wurare huɗu ne inda roba take taɓa ƙasa, kowanne bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba.

A fara da littafin tafiya

Kafin kowa ya je kasuwa, a ɗauko littafin da direba yake rubuta tafiye-tafiye. In babu littafi, kuma mun san wurare da yawa babu, a zauna da direba a lissafta tafiyar 'yan watannin da suka wuce, har da na damina. A raba ta gida uku: kwalta, burji, sai kuma hanyar gona da taɓo da yashi. Kilomita za a ƙidaya, ba kwanaki ba. Mutum yakan tuna wahalar kilomita 6 na taɓo fiye da kilomita 200 na kwalta da ya wuce lafiya. In aka bar maganar ga tunani kawai, kowa zai ce motar a daji take kwana take tashi. Lissafin nan shi zai nuna irin tayar da ta dace.

Tayoyin irin waɗannan motoci iri uku ne, kuma ana gane su da haruffan da ke gefensu.

Ta farko ita ce H/T, tayar kwalta. Zanenta ƙanana ne, kusa da juna, da siraran tsage-tsage masu yawa waɗanda ke share ruwa daga ƙarƙashin taya. Roba mai yawa tana taɓa hanya, saboda haka tana riƙe kwalta sosai in an taka birki, musamman bayan ruwan sama. Ba ta da ƙara, ba ta jawo shan mai, tana kuma daɗewa. Rauninta yana cikin taɓo. Nan da nan laka ta cike ramukan zanen, taya ta zama kamar mai sanƙo, ta yi ta juyawa wuri ɗaya. Gefenta kuma ba shi da kauri sosai, dutse mai kaifi ko kututturen dawa yana iya yaga shi.

Ta biyu ita ce M/T, tayar taɓo, wadda direbobi suke sha'awa. Haƙoranta manya ne, da fili mai faɗi a tsakaninsu, domin in tana juyawa ta watsar da laka ta sake cafkar ƙasa. A baƙar laka mai danƙo, irin ta kwarin Binuwai da Gongola wajen Numan, babu kamarta. Amma a kan kwalta labari ya sha bamban. Tana gurnani har mutum bai jin maganar na kusa da shi, tana da nauyi, tana sa mota shan mai, haƙoranta suna cinyewa wani ya fi wani. Abin da ya fi muni shi ne, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta mota takan yi nisa kafin ta tsaya, domin robar da ke taɓa hanya kaɗan ce, tsage-tsagen share ruwa kuma ba su da yawa.

Ta uku ita ce A/T, wadda take tsakani. Haƙoranta sun fi na H/T girma, ba su kai na M/T ba, gefenta kuma yakan fi ƙarfi. A kan burji da tsakuwa da hanyar duwatsu irin ta Filato ko tsaunukan Mubi, ita ce ta fi dacewa. A cikin A/T ma akwai mai karkata wajen kwalta, akwai mai karkata wajen daji. In ka ajiye su kusa da juna za ka gane: wadda ramukanta suka fi faɗi ta fi kusa da tayar taɓo, da amfaninta da wahalarta.

Ga namu ra'ayi. Ga yawancin motocin gunduma da na asibitin ƙauye, A/T mai karkata wajen kwalta ta isa. In motar kusan ba ta barin kwalta da burji mai kyau, a sayi H/T a ajiye sauran kuɗin, babu abin kunya a ciki. M/T kuwa sai motar da take zaune a ƙauyen da in damina ta faɗi babu mafita sai ta cikin laka, mako bayan mako.

Mu kanmu mun taɓa faɗawa wannan rami, shi ya sa muke faɗa da ƙarfi. Wata shekara motar ofishinmu ta maƙale a bakin rafi har sai da samarin ƙauye suka zo da igiya da shanun noma. Haushi ya sa muka sayi M/T huɗu. Gaskiya sauran daminar ba mu ƙara maƙalewa ba. Amma da rani ya shigo, sai muka ga kuɗin mai yana hawa, sitiyari yana rawa, duk wanda ya yi doguwar tafiya a motar ya sauka da ciwon kai saboda ƙara. Da ruwan farko na shekara ta gaba ya same mu a gangaren Hawan Kibo, direba ya taka birki, mota ta zame fiye da yadda ya saba, har kowa ya yi shiru. Mun sauka lafiya. Tun daga ranar muka gane mun sayi tayar 'yan kwanaki ne, muka ɗora wa kanmu wahalar shekara guda.

Domin 'yan kwanakin nan na taɓo akwai dabarun da ba su kai kuɗin taya ba. A riƙa tafiya da shebur da igiyar ja mai ƙarfi da guntayen katako biyu. A sa giyar nan da direbobi suke kira ogzilari tun kafin a shiga laka, ba sai an nutse ba, a kuma cire ta da zarar an hau busasshiyar kwalta, domin a Hilux da irinta barin ta a kan kwalta yana wahal da giya da tayoyi. In ba gaggawa ba ce, a jira rana ta ɗan bugi ƙasa. Masu zama a ƙasar yashi, kamar arewacin Yobe da Jigawa, su lura cewa manyan haƙora tona rami suke yi su binne mota. Abin da yake taimako a yashi shi ne rage iska zuwa wajen 18 ko 20 a geji domin taya ta baje, a tafi a hankali, sa'an nan a mayar da iskar kafin a hau kwalta. Wanda ba shi da famfo a mota kada ya rage.

Karanta rubutun da ke jikin taya

Kusan duk abin da ake bukatar sani yana rubuce a gefen taya. Ba sai an iya Turanci ba, lambobi ne. Amma kafin a duba taya, a buɗe ƙofar direba a duba 'yar takardar da kamfani ya manna a jikin ginshiƙin ƙofa. Ita ce take faɗin girman tayar da aka yi motar da ita, da yawan iskar da za a sa. Kada a dogara da tayar da ke kan motar yanzu, domin mai yiwuwa wanda ya saya a baya ya yi kuskure.

Bari mu ɗauki misali da abin da ake gani a Hilux da yawa: 265/65 R17 112S. Lambar 265 faɗin taya ne da milimita. Lambar 65 tana nufin tsayin gefen taya kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, wato wajen milimita 172. Harafin R irin saƙar cikin taya ne, radiyal. Lambar 17 girman wili ne da inci. Tsofaffin Hilux na aiki da yawa suna da 205 R16C, Land Cruiser na daji kuma 7.50 R16.

Sau da yawa mai shago zai ce, babu 65 amma ga 70, ai duk ɗaya ne, har ma ta fi ɗaga mota. Ba ɗaya ba ne. Taya 265/70 R17 ta fi 265/65 R17 tsayi da wajen milimita 27, amma rabin wannan ne kawai mota za ta ɗagu, kamar faɗin ƙaramin yatsa. Abin da za a biya domin wannan ɗan tsayi kuwa yana da yawa. Agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun da kamar kashi 3 cikin ɗari. Mota za ta rage ƙarfi a hawa in tana da lodi. Taya tana iya gogar bodi in an karya sitiyari ko an faɗa rami. Safayar da ke ƙarƙashin mota kuma ba za ta ƙara dacewa da sauran ba. Ga motar aikin yau da kullum, a tsaya a kan girman da kamfani ya rubuta.

Lambar 112 ita ce mutane suka fi mantawa, ita ce kuwa ta fi shafar mu. Tana faɗin nauyin da taya ɗaya take iya ɗauka in tana da isasshiyar iska. Lamba 112 kilo 1,120 ne, 110 kilo 1,060, 104 kilo 900, 100 kuma kilo 800. Akwai tayar da girmanta zai yi daidai da wilinka, kuɗinta ya yi sauƙi, amma lambar lodinta ta yi ƙasa, domin an yi ta ne don motar da ba ta ɗaukar kaya. Mu kuwa mun san yadda motocinmu suke. Buhun taki kilo 50 ne, buhu 20 tan ɗaya ke nan, kuma Hilux ba a yi ta don ta ɗauki fiye da wajen tan ɗaya ba, har da mutanen da ke ciki. Yawancin nauyin kuma a kan tayoyin baya yake sauka. Kada a sayi taya mai lambar lodi ƙasa da wadda aka rubuta a ƙofa, ko da araha ta kai ina.

Harafin ƙarshe na gudu ne: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190, H 210. Ba izinin gudu ba ne, alama ce ta yadda taya take jure zafin da gudu yake haifarwa. Shi ma kada ya yi ƙasa da na asali.

Akwai kuma tayoyin da aka rubuta LT a gaban lambarsu, ko C a bayanta, tare da alama kamar 6PR ko 8PR ko 10PR. Waɗannan tayoyin kaya ne, jikinsu ya fi kauri, sun fi jure dutse da ƙaya. In motar da irin wannan ta zo, dole da irinta za a mayar. In ba da ita ta zo ba, ana iya komawa gare ta in hanyar mai duwatsu ce ko lodi ya yi yawa, amma a sani ta fi nauyi, tana bukatar iska fiye da ta da, kuma tana da tauri. Motar da take ɗaukar marasa lafiya, in aka sa mata 10PR tana tafiya babu kaya, wanda yake kwance a baya zai ji kowane rami a ƙashinsa. Yawanci 6PR ko 8PR ta isa.

Masu tsohuwar Land Cruiser mai wili mai zobe su tuna wilin nan sai da tub. Sabuwar taya a sa mata sabon tub, kada a mayar da tsohon da ya miƙe. In mai faci yana ba ta iska, kowa ya matsa gefe, domin in zoben bai zauna daidai ba yana iya tashi da ƙarfin da zai kashe mutum.

Shekarun taya da maganar 'yar Kwatano

Taya tana tsufa ko ba a taɓa ɗaura ta ba. Roba tana bushewa, zafi da hasken rana kuma suna hanzarta bushewar. A nemi inda aka rubuta DOT a gefen taya, a bi haruffan zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an rubuta 2324, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2024. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake rubutawa, sai a juya taya. In lambobi uku ne kawai, an yi ta kafin shekarar 2000, ta zama ta ɗaure rijiya ko ta yin takalmi.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha gargaɗi cewa kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Wasu kamfanonin mota suna cewa shekara 6. Kamfanin Michelin yana cewa bayan shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara, kuma kada ta wuce 10 ko yaya take da kyau a ido. Da irin zafinmu da lodinmu da ramukanmu, gara mu tsaya kusa da ƙaramar lambar. A shago kuwa, a nemi wadda ba ta kai shekara ɗaya da ƙerawa ba in da hali. Tayar da ta yi shekara 3 a rumfa tana shan rana, ko da ledarta a jiki, ba sabuwa ba ce.

Dattawa za su tuna lokacin da ake yin taya a ƙasar nan. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008. Tun daga nan kasuwa ta cika da tayoyin waje, sababbi da tsofaffi. Gwamnati ta sa tsofaffin tayoyi cikin kayan da aka hana shigowa da su, amma kowa ya san suna nan jibge a bakin hanya.

Mun gane dalilin da yake sa kwamiti ya karkata wajen 'yar Kwatano: kuɗin da ke hannu. Amma bari mu yi lissafi. A ce zurfin zanen sabuwar taya milimita 9 ne. Ana ɗaukar taya ta ƙare in zanen ya sauka zuwa milimita 1.6. Wato abin da za ka ci a jikinta milimita 7.4 ne. A ce 'yar Kwatano tana da saura milimita 4, wanda a ido yana da kyau. Abin da za ka ci a jikinta 2.4 ne kawai, kusan kashi ɗaya cikin uku na sabuwa. In ka biya rabin kuɗin sabuwa, ka sayi mai tsada ke nan ba ka sani ba. Ba a ma sa kuɗin faci da na kwana a hanya ba.

Ban da lissafi, akwai abin da ido ba ya gani. Ba ka san ko an taɓa tafiya da ita babu iska har wayoyin ciki suka raunana ba. Wasu daga cikinsu tayoyin hunturun Turai ne, an yi su da roba mai laushi domin ƙanƙara. Ana gane su da tsage-tsage masu yawan gaske kamar an yanka da reza, da hoton dutse mai ƙwayar ƙanƙara a ciki. A kan kwaltarmu ta watan Maris da Afrilu, nan da nan suke cinyewa. (Wasu sababbin A/T ma suna ɗauke da wannan hoto, wannan ba laifi ba ne.) Akwai kuma masu sake yanka zane a jikin suɗaɗɗiyar taya da wuƙa mai zafi, su shafe ta da baƙin mai ta yi ƙyalli. In dole ta sa sai an sayi tsohuwa, a duba shekararta, a leƙa cikinta a ga ko akwai faci a gefe, a shafa a ji ko akwai kumburi, a lanƙwasa gefen a ga ko roba ta tsattsage. Amma a ganinmu, sabuwar taya ta kamfani mai matsakaicin suna, mai lambobi daidai, ta fi tsohuwa mai babban suna. Ko sabuwar ma a duba bakinta inda take kama wili, domin wasu masu shigo da kaya sukan cusa taya cikin taya don su rage kuɗin kwantena, bakin ya lanƙwashe.

Guda nawa za a saya? In da hali, huɗu iri ɗaya a lokaci ɗaya, domin mota mai ja da ƙafa huɗu tana son tayoyin da tsayinsu ya yi daidai. In kuɗi biyu kawai ya kai, a sayi biyu iri ɗaya a sa su a baya, a mayar da masu dama-dama gaba. Direbobi da yawa ba sa yarda da wannan, suna cewa gaba ne sitiyari yake. Dalilin shi ne, in gaba ya zame direba yana ji a hannunsa ya gyara, amma in baya ya zame mota juyawa take yi gaba ɗaya, kuma bayan Hilux marar kaya ba shi da nauyin da zai riƙe shi. Sai dai waɗanda za a mayar gaba su zama masu lafiya, ba masu kumburi ko sanƙo ba. Kada a haɗa A/T da H/T, ko masu girma daban, hagu da dama. Safaya kuma a sauko da ita a duba. Mun sha ganin safayar da ta shekara da shekaru a ƙarƙashin mota, ranar da aka neme ta babu iska, ko kuma sarƙar da ke riƙe ta ta yi tsatsa ta ƙi sauka.

Iska

Taya mai kyau da iska marar daidai, asarar kuɗi ce, wani lokaci har da rai. A Amurka, a watan Agusta na shekarar 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi wajen miliyan 6.5, yawancinsu a kan motar Ford Explorer, wadda ita ma motar daji ce da mutane suke zuwa aiki da kasuwa da ita. Bayan tayar yana ɓarewa ana cikin gudu, mota ta kife. Fiye da mutum 200 suka mutu. An sami laifi a ƙirar tayar, amma an kuma lura haɗurran sun fi yawa a jihohi masu zafi, kuma ƙarancin iska da nauyi da gudu sun ƙara tsananta abin. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwashewar tana haifar da zafi, zafin kuma yana raba roba da wayoyin ƙarfen da ke ciki. Zafi da lodi da doguwar kwalta, duk muna da su.

Yawan iska ma ba alheri ba ne. Masu faci da yawa sukan duba babbar lambar da ke gefen taya su cika har can, ko su buga taya da ƙarfe su ce ta yi. Lambar gefen taya iyaka ce, ba ita ce ta tafiya ba. Ta tafiya tana kan takardar ƙofa, sau da yawa lamba biyu ce, ɗaya ta mota marar kaya, ɗaya ta mai lodi. Tayar da aka cika fiye da kima tsakiyarta ne kawai yake taɓa ƙasa, tana cinyewa ta tsakiya, ba ta riƙe hanya, ramin kwalta kuma yana saurin fasa ta. Kwamiti ya saya wa direba gejinsa na kansa. A auna da safe kafin mota ta motsa, aƙalla sau biyu a wata da kuma kafin doguwar tafiya. In an auna da rana bayan tafiya aka ga lamba ta hau, kada a rage, zafi ne ya ɗaga ta.

Ranar da aka ɗaura sababbin tayoyi, a canza bawul, a yi balansin, a kuma yi alaimen. In tsofaffin sun cinye ta gefe ɗaya, ko sun yi tudu da kwari, laifin ba nasu ba ne. A kai wa makanike ya duba tayarod da boris da shokozoba, in ba haka ba sababbin ma haka za su ƙare. Bayan kowane kilomita 8,000 zuwa 10,000 a sauya musu wuri, na gaba su koma baya. In an ga kibiya a gefen taya, tana nuna inda za ta riƙa juyawa ne, irin wannan ba a kai ta ɗaya gefen mota. A cikin ramukan zane akwai 'yan tudu ƙanana da kamfani ya sa. Ranar da zane ya yi daidai da su, taya ta ƙare. In damina tana tafe, gara a canza tun zane yana wajen milimita 3. Ƙusa a tsakiyar taya ana facinta daga ciki, amma yanka ko kumburi a gefe ba shi da faci, ko mai faci ya ce zai ɗinke.

In za a je saye, kada a tura mutum ɗaya. Direba ya je da ɗan kwamiti guda, su tafi da takarda mai ɗauke da girman taya, da lambar lodi, da harafin gudu, kamar yadda suka kwafo daga ƙofar mota. Su duba DOT na kowace taya da idonsu kafin a ɗaura, su sa mai shago ya rubuta lambobin nan huɗu a kan rasit, su tsaya a wurin har a gama ɗaurawa. Da sun dawo, a rubuta ranar da kilomitar da agogo yake nunawa a littafin tafiya, a kuma fara ware ɗan abu kowane wata a asusun taya, domin saye na gaba.